Gidan gem ɗin da ya haɗa ni da ƙanina na Ingila: wata uku tsakanin PS5 da kwamfuta

Ƙanina ne ya ja ni cikin wannan harka. Tun da ya tafi karatu Ingila hirarmu ta koma "ya sanyi, ya su Hajiya", sai a kashe waya. Mu kuwa da ƙwallon gem muka tashi, tun zamanin PS2 a wani shago a Tudun Wada a nan Kaduna, inda wanda ya sha kashi yake miƙa fad, wato abin riƙewa na wasa, ya koma benci. Ran nan sai ya ce, "Yaya, ai yanzu ba sai muna ɗaki ɗaya ba. Ka nemi FC, gem ɗin ƙwallon nan da a da ake kira FIFA, ni ina da shi a kwamfuta, sai mu haɗu." Na shiga kasuwa na sayi faifai, na biya kuɗin PlayStation Plus na hawa intanet da gem, na ɗura data, na zauna gaban tsohuwar PS4 ɗina ranar Asabar bayan isha'i kamar mai jiran kiran sallar shan ruwa. Muka kwashe kusan awa biyu muna neman juna. Gayyata ta ƙi tafiya. Shi yana cewa sabis ɗina ne, ni ina cewa kwamfutarsa ce.

Ashe laifina ne, ban yi tambaya ba kafin in fitar da kuɗi. Abin da yaran gem ke kira kurosfile, wato na'urori daban-daban su haɗu a wasa guda, a FC yana da iyaka. Tun FIFA 23 da ya fito a 2022 aka raba mutane gida biyu: PS5 da Xbox Series da kwamfuta ɗakinsu ɗaya, PS4 da Xbox One kuma ɗakinsu daban. Sunan gem ɗin ɗaya ne, 'yan wasan ciki su ne su, amma sigar da ke kan sababbin na'urori daban take da ta tsofaffi, shi ya sa ba sa haɗuwa. Kuma ko na'urarku ta dace, sai shekarar gem ɗin ta zo ɗaya. Mai FC 24 ba zai kara da mai FC 25 ba.

Kuɗin sabuwar PS5 kuwa ba na mutum irina ba ne a wannan marra. Sai wani abokin aikina ya ce in leƙa wani gidan gem a wajen Unguwar Rimi, yana da PS5 kuma yana da kwamfutocin gem, duk a jone da intanet. Wata uku ke nan ina zuwa, galibi Asabar da Lahadi, wani lokaci Laraba in na tashi aiki da wuri. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi wa mai shi daɗi ba, kuma mutumin kirki ne.

Shago ne mai ɗaki biyu a saman bene. Ɗakin gaba PS5 huɗu ne, kowace da talabijin ɗinta a bango da kujerun roba. Ɗakin ciki kwamfuta uku ne a kan dogon teburi, da kujeru masu juyawa waɗanda biyu daga ciki sun daina juyawa. Ana biyan ƙwallo wasa-wasa in ku biyu ne a zaune, amma in za ka hau intanet sai ka biya na awa, kuma awar kwamfuta ta fi ta PS tsada. Da farko na ɗauka son kuɗi ne. Da na zauna da mai shagon ya yi mini lissafi sai na yi shiru. PS5 tana cin wajen watt 200 in ana wasa. Kwamfutar gem mai katin hoto na kirki, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasa, in ka haɗa da allonta, tana iya ninka haka. Yana da sola da inbata, amma da magariba ta yi batir ya fara ƙasa sai janareto, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. "Alhaji," in ji shi (ban taɓa zuwa Makka ba, amma haka yake kirana), "kwamfuta ɗaya tana shan abin da PS biyu ke sha, kuma ita ce kullum a asibiti."

Ranar farko a PS5 na zauna. Yaron shagon ya shigar mini da asusuna, ya ce in kawo sunan ƙanina na EA, kamfanin da ke yin FC, ba na Steam da ake sayen gem a kwamfuta ba, ba na PlayStation ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata: kowane kamfanin gem yana da nasa rajistar, kuma ta nan ake ƙulla abota tsakanin na'urori biyu. FC yana son asusun EA, Call of Duty yana son na Activision, Fortnite da Rocket League suna son na Epic. Yanzu haka ina da kalmomin sirri huɗu a bayan wani tsohon katin ɗaurin aure a aljihun jakata. Da aka rubuta sunan, ba a yi minti biyar ba sai ga gayyata ta faɗo. Ya ɗauki Arsenal, na ɗauki Madrid, ya ci ni uku da ɗaya, ya kira ni a WhatsApp yana dariya har yana tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ya hau jirgi.

Wannan sauƙin shi ne duk abin da zan yabi ɓangaren PS da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ka kunna, ka ɗauki fad, ka shiga. A wata ukun nan sau biyu kawai na tarar da matsala a ɗakin gaba, duka biyun kuma afdet ne: gem ya ce sai an sauke sabon gyara kafin ya bari a hau intanet, aka zauna ana kallon sandar tana rarrafe. Ba laifin na'ura ba ne, sakacin shago ne. Da suna kunna su da safe su sauke komai kafin mutane su zo, da babu wanda zai biya kuɗin awa ya ƙare da kallon kashi 37 cikin ɗari. Na faɗa wa mai shagon, ya ce zai gyara, ya gyara na sati biyu.

Ɗakin ciki kuwa labarinsa dogo ne. Ƙanina ne ya zuga ni, wai in gwada kwamfuta, hoton ya fi kyau, motsi ya fi santsi, kuma babu kuɗin wata-wata. Gaskiyarsa ta nan: a kwamfuta ba ka biyan kowa don ka hau intanet ka yi wasa, alhali a PS duk gem ɗin da aka saya da kuɗi sai da PlayStation Plus, in ban da na kyauta irin su Fortnite da Warzone da Rocket League. Allon kwamfutar shagon kuma yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, talabijin ɗin ɗakin gaba sau 60. In ka saba da na farkon, na biyun sai ka ga kamar an ɗaura wa 'yan wasa dutse a ƙafa.

Amma kafin ka kai ga wannan daɗin sai ka ci kwakwa. Ranar da na fara zama a kwamfutar tsakiya, na danna FC, ya buɗe, ya rufe kansa. Na sake, ya sake. Sai wani ɗan rubutu ya fito yana cewa ba a kunna Secure Boot ba, wani makullin tsaro na cikin kwamfuta. Yaron shagon, wanda ba zai wuce shekara sha tara ba kuma ɗalibi ne a Kaduna Poly, ya ja kujera ya ce, "Yaya, ɗan matsa." Ya kashe na'urar, ya kunna yana ta dannan wani maɓalli da sauri kamar mai buga kalangu, sai allon ya koma wani shuɗi mai ƙananan rubutu da ban taɓa gani ba. Ya shiga nan, ya fita can, ya canza abu ɗaya, na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Baƙin allo. Ya goge zufa da gefen riga, ya ɗauko sukundireba, ya buɗe cikinta, ya zare wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya ƙirga talatin a fili, ya mayar. Ƙurar da ta fito daga fankar ta isa a shuka gyaɗa. Da ta tashi ya sake bin hanyar a hankali, wannan karon yana kallon bidiyo a wayarsa. Minti arba'in da biyar. Ƙanina ya gaji ya tafi dafa taliya.

Daga baya yaron ya yi mini bayanin abin. Kwamfuta buɗaɗɗiyar na'ura ce, kowa na iya cusa mata abin da ya ga dama, har da manhajar maguɗi da ke sa harbi ba ya kuskure ko ta nuna maka abokin gaba ta bayan bango. Don haka kamfanonin gem suka sa 'yan sandansu a ciki, manhajojin hana maguɗi masu shiga har ƙuryar Windows, kuma da yawansu yanzu ba sa yarda su yi aiki sai an kunna wasu makullan tsaro a cikin na'urar. Valorant a Windows 11 yana neman Secure Boot da TPM 2.0, Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 shi ma sai da Secure Boot. Kwamfutocin shagon kuwa haɗin hannu ne, wani mai gyara ya harhaɗa su da kayan gwanjo, bai damu da kunna waɗannan abubuwan ba. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ta daina yi wa hidimar yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, kuma ɗaya daga cikin ukun har yau a kanta take, don babban allon cikinta ya tsufa, ba zai ɗauki Windows 11 ba.

Wannan ɗaya ke nan. Akwai ranar da aka sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke tuƙa shi, sai gem ya riƙa tsinkewa kamar tsohon faifan bidiyo, aka mayar da tsohon direba. Akwai ranar da fad ya riƙa danna abu sau biyu, saboda manhajoji biyu kowace tana ganin ita ce ke tuƙa shi, in ka taɓa ƙasa sau ɗaya sai ya tsallake layi biyu. Akwai kuma jiran da ake yi bayan kowane babban afdet na Call of Duty, inda gem ke cewa yana shirya hotuna, kai kuma awarka tana tafiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gyara. Yaron yana gyara su duka. Matsalar ita ce ranar da yake da lacca, ɗakin ciki marayu ne. Mai shagon bai san komai a kansu ba sai kashewa da kunnawa, kuma ya faɗa da bakinsa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko PS ko kwamfuta, abin da ke yanke hukunci a Kaduna shi ne igiyar da ta fita daga bayan na'urar. A gida da mifi nake amfani, kuma in na duba saitin PS4 ɗina kullum NAT, ma'aunin sauƙin haɗuwa da wasu na'urori, nau'i na 3 yake nunawa, wato mafi tsauri. Dalili shi ne layukan waya kan tara dubban mutane a bayan adireshin intanet guda, don haka wani daga waje ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye. Mai nau'i na 3 yana shan wuya wajen haɗuwa da wani mai irinsa, hira ta murya ma takan ƙi. A shagon kuwa waya ce ta fayiba ta shigo, kowace na'ura an jona ta da rauta da igiya, ba ta iska ba, kuma nau'i na 2 suke nunawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin hawa benen.

Sai fing, wato lokacin da umarninka ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasa, ya dawo. In muna wasa da ƙanina abin da nake gani a shagon yakan tsaya tsakanin milisakan 110 da 140. Ba abin mamaki ba ne: saƙon sai ya gangara Legas, inda manyan igiyoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS da Equiano suke sauka, sannan ya kama hanyar Turai, kuma tsakanin Legas da Landan kusan kilomita 5,000 ne. A gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana cin wajen milisakan 17, ke nan ina bayan abin da ke faruwa da hoto bakwai ko takwas. A ƙwallo ana iya zama da haka. Ka koyi bayar da fas kafin ka ga hanya, ka daina yawan yanka, ka rage taƙama. A Mortal Kombat 1 da Tekken 8, waɗanda su ma suna haɗa PS5 da Xbox da kwamfuta, abin ya fi ciwo, don can hoto uku ma rai ne. Ba yawan lambar ba ne ke kashe mutum, rawarta ce. Fing 130 da ya tsaya cak ya fi 90 mai tsalle zuwa 300. Da yamma wajen ƙarfe takwas, in shagon ya cika kuma 'yan kallo goma sun hau wayifai ɗin suna TikTok, lambar takan fara rawa. Na roƙi mai shagon ya raba layin 'yan kallo da na na'urori, ko ya canza kalmar sirri. Ya ce 'yan kallon su ne masu sayen lemo.

A gem ɗin harbi kuma akwai rigimar da ba ta ƙarewa, kuma a shagon nan bango ɗaya ne ya raba masu ita. 'Yan ɗakin ciki suna cewa masu fad gem ne ke taya su saiti, da ka kusanci abokin gaba sai bindiga ta manne masa. 'Yan ɗakin gaba suna cewa mai linzami (wato maus) da kibod yana juyawa kamar aljani, kuma duk masu maguɗi daga kwamfuta suke fitowa. Kowa yana da gaskiya rabi. Tallafin saiti ga mai fad da gangan aka sa shi, don babban yatsa ba zai yi abin da dukan hannu ke yi da linzami ba. Masu maguɗi kuma sun fi yawa a kwamfuta saboda dalilin da na faɗa a baya. Mai PS yana iya shiga saiti ya kashe kurosfile a gem da yawa, ya zauna da 'yan uwansa. Amma a nan in ka kashe sai ka daɗe kana jiran a haɗa ka da mutane, kuma ni in na kashe na kashe ƙanina. Na gwada Warzone sau uku da linzami, duka ukun na mutu ina kallon sama. Na koma fad ban ji kunya ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaran shagon suna ɗaukar wannan haɗuwa kamar da ita aka halicci duniya. Ba ta daɗe ba. Sai a Satumbar 2018 Sony ta buɗe ƙofa ga Fortnite, Rocket League ya biyo baya a farkon 2019, Call of Duty ya shigo da Modern Warfare a ƙarshen shekarar. Har yau kuma akwai manya da ba su shiga ba: GTA Online, wanda yara ke so kamar me, mai PS ba ya haɗuwa da mai kwamfuta. Wani yaro ya zo da abokinsa, ɗaya ya zauna gaba ɗaya ya shiga ciki, suka biya awa, sannan aka gaya musu. Da an manna takarda a bango an rubuta gem ɗin da ke haɗuwa da wanda ba ya haɗuwa, da an huta. Na ce zan buga musu ita kyauta a wurin aikina.

Wani abin da ya kamata mai zuwa ya sani shi ne maganar asusu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kusan kowa a nan ɗan Amurka ne ko ɗan Ingila a takarda, kuma da katin kyauta na ƙasar da ka zaɓa ake zuba kuɗi. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Shagon yana sayar da katunan, da ɗan ƙari a kan canjin ranar, kuma sau biyun da na saya lambar ta shiga nan take. Amma don Allah in ka gama ka fita daga asusunka da hannunka, musamman a kwamfuta. Na taɓa zama na tarar da Steam ɗin wani a buɗe, da imel ɗinsa a wani shafin. Yaron shagon yana ƙoƙarin dubawa, amma ba kullum yake nan ba.

Wuta kuwa sai godiya. Sau ɗaya aka ɗauke ina tsakiyar wasa, inbata ta karɓa, PS ɗin ba ta ko ƙifta ba. Kwamfutocin ne ba a haɗa su da inbatar ba sai janareto, kuma ƙaramin batir ɗin da ke riƙe su kafin a tayar da inji ya mutu tun kafin in fara zuwa. In aka ɗauke, ɗakin ciki sai salati. Ana cikin hunturu yanzu, ƙura tana shiga ta taga, fankokin suna kuka kamar jirgi zai tashi. Banɗaki a ƙasa yake kuma sai ka karɓi makulli. Ana tsayar da komai lokacin sallah, wanda ya yi mini daidai, kuma ba a yarda da caca a kan wasa ba, an rubuta a ƙofa. Surutu dai akwai shi, in za ka yi hira da wani a waje ka zo da abin kunnenka.

In da maki ake bayarwa, ɗakin gaba takwas cikin goma, ɗakin ciki biyar, ya koma bakwai ranar da yaron yake nan. Wanda ke da ɗan uwa a waje yana son su riƙa taɓa ƙwallo, ya hau benen ya zauna a PS5, ya zo da sunan EA na ɗan uwan a rubuce, ya tabbatar shekarar gem ɗinsu ɗaya, ya kuma zo kafin magariba ko bayan ƙarfe tara. Wanda ke son kwamfuta ya fara tambaya ko ɗalibin yana nan kafin ya biya.

Ni dai na ajiye maganar haɗa kwamfuta a gida, duk da ƙanina bai daina turo mini hotunan katin hoto da farashinsu ba. PS5 ta hannu nake tara wa kuɗi, kuma ko na saya sai na warware maganar mifi tukuna. Kafin nan muna nan a kan ƙarfe tara na daren Asabar, takwas ke nan a wurinsa tunda sun mayar da agogo baya. Lissafinmu ya tsaya a 19 da 11, shi ke gaba, kuma biyu daga cikin nasa 'yan TikTok ne suka ci masa.